Hilux ɗin da ta sha balansin sau uku ba ta daina rawa ba

A watan Muharram, bayan alhazai sun watse, zafin Jidda kuma ya kai inda ya kai, wani dattijo da muka daɗe da sanin juna ya shigo garejina a Sana'iyya da Hilux ɗinsa ƙirar 2019, mai gida biyu, irin wadda Larabawa ke ce wa gamaratain, mai jan ƙafa huɗu. Sana'arsa dakon kayan abinci: shinkafa, man girki, katan-katan na ruwa, yana ɗauka daga Jidda yana kai wa shagunan 'yan uwanmu a Makka, wajen Shara Mansur da Misfala. Kusan kullum yana bisa wannan hanya. Ɗansa na fari ne ya rako shi, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya sauko daga motar kansa a sunkuye.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Malam, motar nan ta hana ni sakat. Da na wuce casa'in sai sitiyari ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Kujerar ma jijjiga take. Kafin in isa Shumaisi hannuwana sun mutu."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya waiwaya ya dubi yaron, bai ce komai ba. Yaron ya ce, "Baffa, tun da na sa mata jant."

Jant shi ne abin da a gida ake kira wili ko rim, ƙarfen da ake ɗora taya a kai. Yaron ya samu aiki, ya tara albashin wata biyu, ya ga wani yana sayar da wili huɗu masu inci 20 da tayoyinsu a intanet, ya saya ya ɗaura wa motar mahaifinsa don ya faranta masa. Niyya ce ta alheri, na kuma faɗa masa haka a gaban uban kafin in taɓa komai, domin na ga wata uku ke nan yana ɗauke da abin a ransa.

A cikin wata ukun nan an yi wa motar balansin sau uku, abin da a nan ake kira tarsis, wato a juya ƙafa a kan na'ura a manna mata dalma har nauyinta ya daidaitu, a shagunan banshar (masu gyaran taya) uku daban-daban. Kowanne ya nuna musu allon na'ura da sifili a hagu, sifili a dama. An yi mata alaimen sau ɗaya. Wani bakanike ya ce shokozoba ce, aka sauya ta gaba duka biyu. Wani ya ce tayarod, aka sauya. Na ƙarshe ya ce a sauke farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafun baya, a kai ta wurin gyara, a nan ne Alhaji ya ja birki ya nufo ni. Kuɗin da suka tafi a waɗannan gyare-gyaren sun kusa kai kuɗin wilin kansu. An bar jaki ana dukan taiki: mota ta yi kilomita dubu 140 lafiya lau, ranar da aka sauya mata ƙafafu ta fara rawa, amma babu wanda ya tsaya a kan ƙafafun ya wuce minti goman da na'urar balansin ke ci.

Abu na farko da na yi shi ne raba ƙorafin Alhaji gida biyu, domin ya haɗa su a baki ɗaya. Akwai rawar da ke zuwa da gudu, mai tashi a wani mizani ta lafa a wani. Akwai kuma tauri, wato motar tana jin kowane tsakuwa da kowane gaɓar kwalta ko da ana tafiya a talatin. Waɗannan ba lallai sababinsu ya zama ɗaya ba, kuma idan ba a raba su ba, ko an gyara ɗaya mai mota zai ce ba a yi komai ba.

Muka hau titin Haramaini ni da yaron, ina tuƙi. Har zuwa 80 babu komai sai taurin. A 90 sitiyari ya fara motsi hagu da dama, ƙanana-ƙanana da sauri. Tsakanin 100 da 110 abin ya yi tsanani, madubin tsakiya ya dushe, robar ruwan da ke gefen giya tana ta ɓari. Da na kusa 120 sai ya ɗan sassauta, ban wuce nan ba saboda kyamarorin Sahir masu kama gudu. Sai na dawo 105 na sa ta a firi, injin ya sauka ƙasa, motar tana tafiya da kanta. Rawar ba ta ragu ko kaɗan ba. Wannan ya fitar da injin da kujerunsa daga zargi, domin da su ne, da rawar ta bi ƙarar injin. Na mayar da giya, na taka totur da ƙarfi, na saki: babu bambanci. Na taka birki a hankali daga 110: fedal bai bugo ƙafata ba, rawar kuma ba ta ƙaru ba, saboda haka faifan birki ma lafiyarsa ƙalau.

Saura farfela, wadda aka so a sauke. A nan kunne da tafin hannu ke aiki. Tayar da ke kan motar faɗinta daga ƙasa zuwa sama ya kai milimita 773, wato kowane juyi ɗaya tana cin kusan mita 2.4. A gudun kilomita 100 tana juyawa sau 11 da ɗoriya a daƙiƙa guda. Farfela kuwa tana juyawa kusan ninki huɗu na haka. Rawar taya ana jin ta a matsayin girgiza, har mutum ya ga hannunsa yana motsi. Rawar farfela ta fi kama da gurnani a ƙarƙashin kujera, mai sa ƙafa ƙaiƙayi, kuma sau da yawa tana canzawa idan an taka totur ko an saki. Abin da muke ji girgiza ce tsantsa. Kuma a wuri biyu take, a sitiyari da kuma a kujera, abin da ke nuna akwai matsala a gaba, akwai wata a baya.

Dalilin da ya sa irin wannan rawa ke da mizaninta shi ne, ƙafar mota da sifirin ɗinta suna da saurin lilo na kansu, wajen sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Idan juyin tayar ya zo daidai da wannan saurin, ƙaramin aibi sai ya ninku. Shi ya sa yawancin masu kawo ƙorafi suke ambaton 90 zuwa 110.

Da muka dawo na roƙi wani abokin ciniki da Hilux ɗinsa ke jiran kayan gyara ya ara mana ƙafafunsa huɗu na asali, masu inci 17, na awa ɗaya. Muka ɗaura, muka koma titin. Shiru. Sitiyari tsaye cak har 120, taurin ma ya tafi. Gwajin nan bai ci ko riyal ɗaya ba, kuma da an yi shi tun farko da shokozoba da tayarod na asali suna nan a jikin motar. Na Alhaji na asali suna can Makka a saman rufin gida, shi ya sa babu wanda ya yi tunaninsu.

Yanzu mun san laifin yana cikin sababbin ƙafafun. Amma "yana cikin ƙafafun" bai zama amsa ba tukuna, tun da na'ura uku sun ce lafiyarsu ƙalau.

Tun lokacin da yaron garejina yake kwance su na lura da wani abu. Kafin ya sa sifana, na kai yatsa kan ɗaya daga cikin notocin ƙafar gaba ta hagu. Notin a ɗaure tamau, amma washar da ke jikinsa tana juyawa da yatsa kamar zobe a hannun yaro. Na duba sauran, duk haka suke, ashirin da huɗu. Notocin Toyota ne na asali, waɗanda aka ƙera don wilin alminiyon na kamfanin: suna da wuya dogo mai shiga cikin ramin, da washa mai faɗi da ke kwanciya a kan shimfiɗaɗɗen wuri ta danne wilin. Sabon wilin kuwa ramukansa masu gangare ne kamar mazurari, kusurwa 60, suna buƙatar noti mai tsinin da ya dace da gangaren. Notin Toyota yana da ɗan tsini kaɗan a bakinsa, saboda a iya ɗaura safaya ta ƙarfe da shi, kuma wannan ɗan tsinin ne kawai ke taɓa wilin. Washar tana rataye a iska. Da muka cire, a cikin kowane rami akwai siririn zobe mai ƙyalli inda bakin notin ya ci alminiyon, faɗinsa bai fi na farce ba. A kan wannan ne mota mai ɗaukar buhunan shinkafa take ta zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka wata uku. Gabana ya faɗi da na gani, domin irin wannan zama shi ke sa noti ya saki a kan hanya.

Na tambayi yaron ko mai sayarwar bai ba shi notoci ba. Ya ce ya ba shi, suna cikin leda a bayan kujera, amma mai banshar ya gwada sun ƙi shiga, sai ya mayar da tsofaffin. Na ce a kan wace mota wilin yake a da? Ya ce Patrol, tsohuwar ƙirar nan mai kusurwa da ake ce wa Safari.

Daga nan zaren labarin ya fito. Patrol ɗin da Hilux mai jan ƙafa huɗu duka suna da bol shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Wannan lamba ita ce kaɗai mai sayarwa ya rubuta, ita ce kuma kaɗai yawancin mutane ke tambaya: "Sitta masamir?" Wato, bol shida ne? Idan an ce e, sai ciniki ya faɗa. Amma motoci da yawa suna da wannan shidan alhali sun bambanta a sauran abubuwa. Bol ɗin Nissan da na Toyota duka kaurinsu milimita 12 ne, sai dai zaren Nissan 1.25 ne, na Toyota 1.5, shi ya sa notocin ledar suka ƙi shiga. Allah ya sa mai banshar bai tilasta su da bindigar iska ba, da ya cinye zaren bol ɗin gaba ɗaya.

Sai babban bambancin, ramin tsakiya. A jikin hob, inda wili ke zama, akwai ɗan tudu zagayayye da ya fito. A Hilux faɗinsa milimita 106.1 ne, kuma wilin kamfani ramin tsakiyarsa daidai yake da shi, yana shiga ɗaram, ba ya motsi ko kafin a sa noti. Wannan tudun shi ke tsayar da wili a tsakiya. Na Patrol ɗin can 110 ne. Na Mitsubishi L200 67.1, na Ford Ranger 93.1, na Silverado da Sierra ƙanana 78.1 kuma bol ɗinsu ma 14 ne. Masu ƙera wilin kasuwa sukan yi ramin da faɗi don ya hau motoci da yawa. Na sa ma'auni a ramin wilin yaron: 110 cif. Ke nan akwai sarari na milimita 3.9 tsakanin wili da hob, kusan milimita 2 ta kowane gefe. Na kira Alhaji, na rataya wilin a kan bol ba noti, na ɗaga shi na sake, ya ji ƙarar "ƙwas" da kunnensa.

Wili mai faɗin rami yana iya zama a tsakiya idan notocinsa masu gangare ne na gaskiya, aka kuma ɗaure su da hannu a hankali, ɗaya bayan ɗaya a gicciye, ƙafar tana sama. Gangaren ne ke jan wilin zuwa tsakiya. A nan babu tudun da ya dace, babu notin da ya dace, sannan a banshar ana rataya ƙafa ne nauyinta ya ja ta ƙasa, a kafa bindigar iska a kan noti na farko har ya ƙulle. Inda wannan noti ya kama wilin, nan zai zauna.

Ban so in tsaya a kan zato ba, sai na auna. Muka mayar da ƙafar gaba ta hagu yadda aka saba ɗaura ta, da tsofaffin notoci da bindiga. Na kafa agogon awo, mai allura da ke nuna kashi ɗari na milimita, bakinsa a kan tsakiyar tayar, na juya ƙafar da hannu. Allurar ta yi tafiyar milimita 2.4 tsakanin wuri mafi tudu da mafi kwari. Na sa alli a wurin tudun. Muka sassauta notocin, muka juya ƙafar rabin zagaye, muka sake ɗaurewa ba tare da an cire ta ba. Na sake aunawa: 1.7, kuma tudun ya bar wurin allin ya koma wani gefe. Da tayar ce ko wilin ke da doro, da tudun bai bar inda yake ba. Da na ɗora wannan ƙafa a kan na'urata, aka tsayar da ita a tsakiya sosai, abin da agogon ya nuna 0.6 ne kawai. Ƙafar lafiyayya ce, zamanta a jikin mota ne karkatacce.

Mutane suna raina milimita ɗaya, saboda haka na yi wa yaron lissafin a bayan takardar rasit. Agogo yana nuna ninki biyu na kaucewar, wato 2.4 ɗin nan, idan an cire na ita tayar, yana nufin wilin ya kauce daga tsakiya da kusan milimita 1. Mun ɗora ƙafar a sikeli, kilo 34. Kilo 34 da ya kauce da milimita 1 daidai yake da a manna dalma mai nauyin giram 130 da 'yan kai a bakin wili mai inci 20. A gudun kilomita 100 wannan yana fizgar ƙafar da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 18, sama da ƙasa, gaba da baya, sau 11 a kowace daƙiƙa. Mai balansin yana ta fama da giram 5 da giram 10 a kan na'urarsa, sai a kai ƙafar jikin mota a ƙara mata 130 a wajen ɗauri. Sifilin da suka gani a allo gaskiya ne, amma gaskiyar zaman ƙafar a kan sandar na'ura ce.

Shi ma wannan sifilin da na bincika bai tsaya da ƙafarsa ba. A cikin ƙafar gaba ta dama na tarar da dalma jere biyu, ɗaya tana fuskantar ɗaya, jimillarsu giram 190. Shago na biyu bai cire ta shagon farko ba, ya ƙara tasa don ta kashe waccan, na uku ma haka. Akwai gwaji mai sauƙi da kowane mai mota zai iya nema a yi a gabansa: idan na'ura ta nuna sifili, a sassauta ƙafar, a juya ta rabin zagaye a kan sandar, a sake ɗaurewa, a sake kunnawa. In an tsayar da ita daidai, bambancin ba zai wuce giram 5 zuwa 10 ba. Na gwada da mazurarin ƙarfe ɗaya, wanda ke shiga ramin tsakiya ya tsayar da wili a kan sandar na'ura, na sa shi ta gaba, yadda aka fi yi a banshar, sai ta tashi daga sifili zuwa 45. Wili mai nauyi da babban rami ba ya zama daidai a haka. Ana sa mazurarin ta baya ne, sannan ta gaba a danne da faranti mai yatsu shida da ke shiga ramukan bol, ya kama wilin ta inda mota ke kama shi. Farantin yana da tsada, ɗaura shi yana cin lokaci, shi ya sa shaguna da yawa ba su damu da shi ba. Ni ina ganin duk wanda ke karɓar Hilux da Land Cruiser da Patrol kullum bai kamata a rasa shi a shagonsa ba.

Muka kankare dalmar duka huɗun, muka wanke gam ɗin, muka auna kowace ƙafa tsirara. Uku suka fito lafiya. Ta baya ta dama kuwa, duk yadda aka ɗora ta, agogon yana nuna 1.8 a leɓen wilin na ciki, kuma kullum a wuri ɗaya. Da na haska fitila na ga inda ya ɗan baje, tsawon tafin hannu. Leɓen ciki shi ya fi saurin lanƙwasa domin babu ƙafafun wili da ke tallafe da shi, kuma ba a ganinsa sai an cire. Ko dai da shi aka sayo, ko wani tudun rage gudu ya yi shi bayan an ɗora kaya. Wannan ce rawar da Alhaji ke ji a kujera. Balansin ba ya gyara ta, domin ƙwai ko an daidaita nauyinsa ba zai gangara kamar ƙwallo ba. Muka cire tayar, na duba wurin da kyau ban ga tsaga ba, sai na aika shi wurin masu miƙe wili, ya dawo a 0.4. Da na ga tsaga ko ta gashin kai ce, da ban yarda a yi masa walda a mayar a motar kaya ba.

Gyaran kansa bai ɗauki dogon lokaci ba. Zobba huɗu masu cike sararin, 110 ta waje, 106.1 ta ciki. Na zaɓi na alminiyon a kan na roba saboda zafin birki da na garin nan, na shafa musu ɗan giris kaɗan domin danshin tekun Jidda yana sa alminiyon ya manne da ƙarfe. Kafin nan na goge fuskar kowane hob da burushin waya, tun da tsatsa ko yashi kaɗan a wurin yana karkatar da wili. Notoci 24 sababbi, masu gangaren 60, zare 1.5. Na ƙirga juyin kowanne da hannu, domin wilin kasuwa yakan fi na kamfani kauri ya cinye tsawon bol: ƙa'idar ita ce noti ya kama aƙalla tsawon kaurin bol ɗin, milimita 12, wato juyi takwas. Mun samu tara. Bol biyu a ƙafar gaba ta hagu zarensu ya miƙe saboda dukan bindiga, na sauya su. Sannan ɗauri da hannu, a gicciye, a mataki biyu, a ƙarasa da sifana mai awo a kan 105 na ma'aunin Nm kamar yadda littafin motar ya ce. Agogo a jikin mota ya nuna ƙasa da 0.8 a duka huɗun.

A titin Haramaini robar ruwan ba ta motsa ba har 120. Yaron yana gefe, ya ɗora tafinsa a kan dashbod ya daɗe bai ɗauke ba.

Saura tauri. Rabinsa iska ce. Da safe, tayoyin da sanyinsu, na tarar da 50 a kowace. Mai banshar ya karanta lambar da ke jikin tayar, wadda ke nufin iyakar iskar da za ta iya ɗauka, ya cika ta har can. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba 29 ta ce idan babu kaya, ga tayar asali. Kuma a kwaltar Jidda da azahar iskar tana ƙara hawa da kanta. Na sauke ta zuwa 33, tun da sabuwar tayar ba ta da tsayin gefe, kuma ana tsoron kada leɓen wili ya sake daku. Motar ta yi laushi sosai.

Ɗaya rabin ba shi da magani a garejina. Tayar asali 265/65R17 ce, tsayin gefenta milimita 172. Ta yanzu 265/50R20, gefenta 132 da rabi. Santimita huɗu na roba da iska sun tafi, kuma su ne matashin farko da ke tare duka kafin ya kai ga sifirin. Ƙafar ta ƙara nauyi, ga shi bayan Hilux sifirin ganye ne da aka yi don kaya, idan babu kaya dama tsalle yake. Haka kuma wilin ya fito waje da kusan santimita uku fiye da na kamfani, abin da ke ƙara wa boris wahala, yana kuma sa kowane rami ya fi bugowa a sitiyari.

Abin da ya fi damuna shi ne wata ƙaramar lamba bayan girman tayar. Ta asali 112 ce, ma'ana kowace taya tana ɗaukar kilo 1,120. Waɗannan 107 ne, kilo 975. Ga motar yawon Kornish da yamma babu damuwa. Ga motar da ake loda wa shinkafa a hau hanyar Makka da rana tsaka a watan zafi, an rage kilo 290 daga abin da tayoyin baya biyu za su jure, a daidai yanayin da taya ta fi fashewa. Na zaunar da su biyun a ofis na faɗa musu haka dalla-dalla.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kai me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, rawa ta tafi, kuma ba za ta dawo ba muddin zobban nan da notocin nan suna wurin. Amma in motar nan tawa ce kuma da ita nake ɗaukar kaya, inci 17 zan koma."

Bai amsa ba, ya dubi ɗansa. Na fahimci ba ya son ya zama shi ne ya mayar da kyautar. Yaron ne ya ce, "Baba, a mayar da na da. Ni zan je Makka in ɗauko su."

Na ce su yi tafiyar da ƙafafun yanzu, ba kaya, su dawo in sake duba ɗaurin, domin sabon noti a kan wilin alminiyon yakan ɗan zauna bayan kilomita 50 zuwa 100. Washegari suka dawo da tsofaffin ƙafafun a baya. Na bi notocin 24 da sifana mai awo, uku suka ɗan motsa kafin ta yi ƙara, duka a ƙafar da ramukanta suka fi cin wuya.

Tsofaffin wilin lafiyarsu ƙalau. Tayoyinsu ne suka sha rana wata uku a kan rufi, gefensu ya yi tsage-tsage ƙanana. Lambobi huɗun ƙarshe na jerin DOT da ke jikinsu 3218 ne, wato an yi su a mako na 32 na shekarar 2018, tun waɗanda motar ta fito da su ne. Ba su cancanci komawa hanya ba. Aka sayi sababbi huɗu 265/65R17 masu lamba 112, aka ɗaura da notocin Toyota na asali, washarsu ta kwanta a inda aka yi ta don ta kwanta.

Masu inci 20 suna jingine a kusurwar garejina, kowanne da zobensa ɗaure da waya a jiki, ledar notoci biyu a sama, ɗaya an rubuta 1.5, ɗaya 1.25. Yaron ya sa su a kasuwa. Ya turo mini tallar in duba kafin ya saki, na ga ya rubuta bol shida 139.7, ramin tsakiya 110, lambar nauyin taya 107, da kuma cewa an taɓa miƙe leɓen ɗaya daga ciki. Na ce ya ƙara da cewa zobban na Hilux ne kawai, mai Patrol ya cire su kafin ya ɗaura.